Kabarin Aro a Gefen Lyon

Wata biyu ke nan da dawowata, kuma har yanzu duk wanda muka gamu da shi, ko a fadarmu ta hira da shan shayi bayan la'asar ko a farfajiyar jami'a, tambayarsa ɗaya ce: "Malam Sani, yaya ka baro Faransa?" Ni kuwa amsata ba ta wuce "lafiya lau, sai sanyi." Waɗansu sun ɗauka rowar labari nake yi, waɗansu sun ce girman kai ne na wanda ya hau jirgi. Ba ko ɗaya. Abin da ya kai ni ne ba ya faɗuwa tsakanin kofin shayi na farko da na biyu. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, wanda ya so ya karanta.

Ba taron ilimi na je ba, kamar yadda na bar mutane da yawa suka zata. Na je ne saboda kabarin yayana, Laminu.

Laminu ya girme ni da shekara tara. Ya tafi karatun injiniya, ya sami aiki a wata masana'anta a gefen Lyon, ya auri Bafaransa, suka haifi 'ya ɗaya. Gidanmu bai taɓa karɓar auren ba. Shekara goma sha bakwai da 'yan watanni da suka wuce zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce a binne shi inda ya faɗi, ƙasa duk ta Allah ce. Da aka tambaye mu ta salula ko za a sa dutse mai suna, ni ne na amsa da bakina cewa ba al'adarmu ba ce. Muka yi zaman makoki a Damagaram, muka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, muka rufe maganar. A wurinmu wanda ya shiga ƙasa ya shiga ke nan, sai ranar tashi.

Bayan arba'in matarsa ta aiko da doguwar wasiƙa cikin Faransanci. Ni ne mai karanta Faransanci a gidan. Na karanta shafin farko, mahaifinmu ya ce in ajiye, na ajiye. Yau ina kyautata zaton a shafi na biyu ko na uku ta bayyana mana cewa a can aron kabari ake yi, na shekara goma sha biyar, in wa'adi ya cika a sabunta.

Labarin ya iso mini ta saƙon murya. Wani dattijo ɗan Cadi, Malam Adum, wanda shi ya wanke gawar Laminu a wancan lokacin, ya ga an kafa ɗan allo a kan kabarin. Ya yi ta cigiyar dangi har ya dace da Alhaji Illa, wani ɗan Tawa mai sayar da yadi a Paris, wanda ya san ƙanen mahaifiyarmu. Saƙon gajere ne: wa'adi ya cika, shekara biyun da ake ƙarawa na jira su ma sun wuce, za a tone shi. In ba a yi wani abu ba, ana iya ƙona ƙasusuwan.

Na saurara sau uku kafin in shiga ɗakin Inna. Ta haura tamanin, ba ta gani sosai. Ta ji ni har ƙarshe, hannunta a kan carbi bai motsa ba. Ta ce, "Ɗana za a sa wa wuta?" Na ce ba a tabbatar ba tukuna. Ta ce, "Ka je." 

Hanyar Damagaram zuwa Yamai kun san ta, ba sai na gajiyar da ku ba: tun asuba har duhu, gwiwa a manne da kujerar gaba. Jiran biza ya ci mini mako uku, kowace safiya ina tashi da tunanin wataƙila yau ne suke tonon. A jirgi ban iya cin komai ba.

A filin jirgin Paris ɗan sandan iyaka, saurayi ne mai sanƙo tun da wuri, ya juya fasfona ya ce, "Me ya kawo ka?"

Na ce, "Ziyarar ɗan'uwana."

"Ina yake zaune?"

 Duk takardun masauki da na shirya suna hannuna, amma sai na ji kaina ina cewa, "A maƙabarta." Ya ɗago ya dube ni, na tabbata a raina cewa na jawo wa kaina komawa da jirgin da ya kawo ni. Sai ya buga hatimi ya turo mini fasfon, ya ce a hankali, "Ina yi maka ta'aziyya." Ta'aziyyar da ta makara da shekara goma sha bakwai, amma ita ce ta farko da wani Bafaranshe ya yi mini. A duwan kuwa, wurin masu binciken kaya, suka ƙwace kilishin da na ɗauko wa Alhaji Illa, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na tsaya ina kallo aka jefa aikin mahautan Damagaram cikin kwandon shara.

Metro mai lamba huɗu, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai ni Château Rouge, bayan ƙofar shiga ta matse akwatina ta bar ni a ciki shi a waje, har sai da wata mata ta cece ni ba tare da ta ko dube ni ba. Da na fito daga ramin sai na ji kamar an mai da ni gida: ƙanshin daddawa da busasshen kifi, mahauta na halal, masu kitso, wani yana ciniki da Hausa yana haɗawa da Faransanci. Alhaji Illa na zaune a bayan tulin atamfa, gajere, mai tumbi, da hular sanyi a ƙarƙashin hular gida. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ina tsarabata?"

Na gaya masa.

Ya dafe kai. "Kai, Malam! Digiri nawa gare ka? Tsofaffin matan da ba su taɓa shiga lakwal sun riƙe alli ba suna shigo da shi cikin zane, kai da boko ka je ka miƙa musu da hannu biyu!"

Kwana biyu na yi a ɗan ɗakinsa da bai kai zaurenmu ba. Matarsa ta yi mana tuwon alkama da miyar kuka, ta ba da haƙuri cewa kukar ta tsufa. A kan wannan tuwo ne na fara gane cewa tsoron da na zo da shi ba nawa ne ni kaɗai ba. Alhaji Illa ya shekara talatin da huɗu a can. Yana cikin ƙungiyar da ke mai da gawa gida, amma 'ya'yansa, da aka haifa a Paris, sun ce ba su yarda ba.

Ya ce, "Wai in an kai ni Tawa, wa za su riƙa ziyarta? Na ce musu, mu da wa kuka ga muna ziyarta? Ni kabarin ubana ko an sa mini wuƙa ba zan iya nuna shi ba. Suka dube ni kamar na ce na sayar da shi." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Malam, mu nan ba mutuwa muke tsoro ba. Abin da meri, hukumar gari, za ta yi da mu bayanta, shi ke hana mu barci."

Jirgin ƙasa zuwa Lyon sa'a biyu ne. Na shiga na zauna a kujerar da ta yi mini, na yi wa na kusa da ni sallama, bai amsa ba. Can sai ga wata tsohuwa da ɗan karenta ta tsaya a kaina tana nuna mini tikitinta. Ashe kowace kujera da mai ita, tawa kuma tana taragu shida gaba. Na ratsa su ina jan akwati ina ba da haƙuri, ƙasar Faransa tana wucewa ta taga da gudun da ba ya barin ido ya kama komai.

Daga gar, tashar jirgin ƙasa, na bi metro zuwa Vénissieux, sannan taram zuwa Minguettes, unguwar dogayen benaye masu kama da juna. Malam Adum na jirana a bakin tasha: dogo, siriri, gemu fari fat, ya yi aikin sito har ya yi ritaya, yanzu ba shi da aiki sai wankan gawa. Hausarsa ta 'yan kasuwar Cadi ce, mai kaushi, ba ta da kwana-kwana. Gidansa a hawa na goma sha ɗaya yake, kuma ranar asansar, na'urar hawa bene, ta lalace. A hawa na bakwai na ji wani abu ya damƙe mini ƙirji ta hagu. Na zauna a kan matakala, zufa tana keto mini cikin sanyi. Na tuna cewa zuciya ce ta kashe Laminu, kuma na riga na wuce shekarun da ya yi a duniya.

Da numfashina ya dawo na ce, "Malam Adum, in na mutu a nan, yaya za a yi da ni?"

Bai ce mini Allah ya kiyaye ba. Ya ce, "Ni zan wanke ka. Wurin sa ka ne ban sani ba."

Kashegari da hantsi muka je maƙabartar. Ta wata ƙaramar hukuma ce a gefen birnin, ba zan ambaci sunanta ba. Ban taɓa ganin wuri mai tsabta irin wannan ba. Duwatsu masu sheƙi, hotunan mamata, furanni, tsofaffi suna yawo da butar ban ruwa kamar masu lambu. Malam Adum yana tafe yana nuna mini: nan Kiristoci ne da waɗanda ba su da addini, can kusurwar Yahudawa, ta riga ta cika. Muka wuce wani bango mai ƙananan tagogi jere, kowace da suna. Na tambaya, ya ce tokar waɗanda aka ƙone ce a ciki. Kusa da shi akwai ɗan fili mai tsakuwa inda ake watsa tokar wanda ba shi da taga. Na kau da kai.

Kusurwar Musulmi tana can ƙarshe, bayan shingen itatuwa, kaburbura sun karkata sun fuskanci alƙibla, sun cika har jikin katanga. Ko a nan, mutanen Aljeriya da Maroko sun sa duwatsu da furanni. Na Laminu ne kaɗai fili fetal: tsakuwa, ciyawa, wani guntun katako da ruwa ya cinye rubutunsa, sai ɗan allon hukuma a tsakiya. Duk wanda ya dube shi da idon mutanen ƙasar zai ce wannan ba shi da kowa. Mu kuwa a Damagaram muna ganin mun yi masa abin da ya dace. Sanarwar ta shekara biyu a kansa tana jiran dangi su zo ziyara su gani. Sun rubuta ta ne ga mutanen da ke zuwa.

Na yi masa addu'a. Sannan na ce, "To, mu sabunta mana."

Malam Adum ya girgiza kai. Ya ce lokaci ya wuce, wurin ya koma hannun hukuma. Garuruwan da ke kewaye da yawa ba su da kusurwar Musulmi ko kaɗan, waɗanda ke da ita kuma mutanensu kawai suke karɓa, tun shekarar annoba kuwa ko'ina ya cika. Ya ce ya sha ganin iyali suna buga waya daga gari zuwa gari, mahaifinsu yana kwance a firjin asibiti. Ɗauko ƙasusuwan zuwa gida kuma sai da sa hannun 'yarsa da takardun da ba za su kammalu kafin ranar tono ba.

Ya nuna ramin da haɓa. "Wanda zai shiga nan bayan yayanka, wataƙila yanzu haka yana shan shayi a Minguettes. Shi ma uban wani ne."

Na nemi wanda zan yi fushi da shi, ban samu ba.

A meri muka tarar da wata ma'aikaciya mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Ta saurare ni da ladabi. Ta ce in an tone, abu biyu ne: ko a sa ƙasusuwan a ƙaramin akwati a ajiye a ɗakin ƙasa da aka tanada don haka, ko a ƙone, domin shi ma ɗakin ya kusa cika. Ba a ƙona wanda aka san ya ƙi, ko aka yi shaidar ya ƙi.

Na ce, "Ai Musulmi ne."

Ta ce, "Hukuma ba ta rubuta addinin kowa, monsieur. Abin da nake bukata shi ne wanda zai shaida cewa shi da kansa bai so ba."

Ta turo mini takarda. Na shaida bisa mutuncina cewa marigayi ya bayyana ƙin a ƙone shi. Na ɗauki biro, na tsaya. Na binciki duk hirar da na taɓa yi da Laminu, tun muna kwana ɗaki ɗaya har zuwansa gida na ƙarshe. Babu. Yaya za a yi a samu? Wane Bahaushe ne zai zauna ya ce wa ƙanensa, in na mutu kada ku ƙone ni? Mutum yana barin wasiyya ne a kan abin da yake ganin zai iya faruwa.

Malam Adum ya matso ya ce da Hausa, "Rubuta mana, Malam! Me kake jira?"

Na ce, "Ban ji ya faɗa ba."

"Sai ka ji? Kai ba ka san yayanka ba?"

Tambayar ta fi ƙarfina. Na san yaron da ya koya mini hawan keke. Mutumin da ya shekara ashirin a nan, wanda muka daina kira saboda aurensa, ban san ko yana salla ba, ban san me ya ce wa matarsa ba. Har yau ban yanke wa kaina hukunci ba: tsoron shaidar zur ne ya riƙe mini hannu, ko kuwa girman kan malamin jami'a wanda ya fi son hannunsa ya fita da tsabta ko da za a ƙone ɗan'uwansa?

Ma'aikaciyar ce ta raba gardamar ba tare da ta ji mu ba. Ta duba fayil ta ce ko na sa hannu ba zai wadatar ba. Sun rubuta wa 'yar marigayin, ta amsa cewa ta bar wa hukuma zaɓi. Ita ce mafi kusa, maganarta ce gaba. An sa ranar tono nan da kwana tara.

Sunanta Zainabu, a can Zeina suke ce mata. Shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Da na kira ta na faɗi ko ni wane ne, ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce in zo ranar Lahadi da azahar.

Da ta buɗe ƙofa sai na ga kamar a gida nake. Goshin Inna ne, da haɓarta, da yadda take tsuke ido in tana auna mutum. Ta miƙo hannu, na yi ɗan jinkiri irin na wanda bai saba ba wa mace hannu ba kafin in tuna cewa 'yar yayana 'yata ce, ta ga jinkirin, ta janye hannun. Haka muka fara.

Ta dafa kifi da dankali. Ta ce, "Na san ba za ka ci namana ba." Da Faransanci muka yi magana, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Na fara gaisuwa irin tamu, aiki, gajiya, sanyi, ta katse ni.

"Mamana ta rubuta muku. Ta yi mako guda tana rubutawa. Wa ya karanta?"

Na ce, "Ni."

"Ka amsa?"

"A'a."

"Ta mutu shekara uku da suka wuce. Ka sani?"

"Ban sani ba."

"Tana cikin bangon nan da ka wuce. Taga ta huɗu daga ƙasa." Ta ajiye cokali. "Bari in gaya maka abin da na yi tunani da takardar meri ta zo. Na ce in sun ƙone shi za su watsa shi a kan tsakuwar nan, taku goma daga wurinta. Da ransu kun raba su, da suka mutu shinge ya raba su. Yanzu ka hau jirgi ka zo ka ce mini me? Wa ya cire masa ciyawa? Ni ma na daina zuwa, domin duk lokacin da na je na ajiye fure sai in ga mazan da ke wurin suna kallona kamar na ɓata hanya."

 Duk jawabin da na tsara a taram, na hakkin mamaci da darajar jikin ɗan Adam, ya zama toka a bakina. Na ce mata kakarta tana da rai, kuma ba ta barci. Na ce ban zo in ba ta umarni ba, ba ni da wannan matsayi, na zubar da shi da kaina. Tambaya ɗaya na zo yi, domin ni ban san amsarta ba: ko ta taɓa jin mahaifinta ya ce wani abu a kan wannan?

Ta tashi ta je bakin taga ta ba ni baya. 

Ta ce, "Ina da shekara takwas kakata ta wajen uwa ta mutu. Ta ce a ƙone ta. Duk muka shiga zauren, shi ya tsaya a waje cikin ruwan sama, da rigar kwat ɗinsa. Mamana tana kuka ita kaɗai a layin gaba, kowa yana waiwaye yana neman mijinta. Na fita da gudu in jawo shi. Ya durƙusa ya riƙe mini kafaɗu. Ya ce, ni dai kada ki bari a yi mini haka. Sannan ya faɗi wani abu da yarenku." Ta juyo. "Na tsane shi saboda ranar nan. Na tsane shi shekara da shekaru. Kuma na tuna da ita tun a minti na farko da na buɗe takardar meri. Na tuna, na yi shiru."

Na ce, "Za ki gaya musu?"

Ta ce, "Kifinka ya huce."

Na fito ba tare da amsa ba. Kwana uku da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ban kira ta ba, ina tsoron kira ya zama matsi, ina kuma tsoron shiru ya zama irin shirunmu na da. Ina zaune a hawa na goma sha ɗaya ina kallon hayaƙin masana'antu, kowane hayaƙi sai ya tsinka mini zuciya. Malam Adum yana fita wankan gawa yana dawowa, yana ajiye mini shayi, bai sake ce mini in rubuta ba.

Ranar Alhamis da safe saƙo ya shigo: meri, ƙarfe goma sha ɗaya. Ta zo da kayan aikinta a ƙarƙashin rigar sanyi. Ba ta gaishe ni ba. Ta karɓi takardar ta cike ta a tsaye, ta ƙara layi uku da hannunta a ƙasa, ta sa hannu. Ma'aikaciyar ta karanta, ta buga hatimi. Ta bayyana mana cewa a ɗakin ƙasa ana ware akwatunan waɗanda suka ƙi ƙonawa a gefe guda, kowa da sunansa, ba a taɓa su. Na tambaya su wane ne a gefen. Ta ce ba ta sani ba, ba a tambaya. Malam Adum ya ce ya sani: Yahudawa, da namu, da waɗansu tsofaffin Kiristoci. A sama an ja wa kowa shingensa, a can ƙasa kuwa kafaɗa da kafaɗa suke.

A bakin ƙofa Zainabu ta ce mini, "Ba don ku na yi ba."

Na ce, "Na sani."

Ban ga tonon ba. Ruwan sama ya sa aka ɗaga ranar, bizata kuma ta ƙare. Ina Yamai, ina jiran motar Damagaram, saƙonta ya iso. An yi da sassafe. Ba a barin dangi su shiga, ta tsaya a bakin ƙofar maƙabarta har ma'aikatan suka fito suka ce mata an gama. Malam Adum bai samu zuwa ba, yana wurin wata jana'iza a wani gari mai nisa, inda aka samo wa mamacin wuri.

Ku da kuke da 'ya'ya da ƙanne a can, abin da zan ce muku kaɗan ne. Ku sa su faɗa da baki cewa ba sa son a ƙone su, a gaban wanda zai tuna, su kuma rubuta. Na san maganar tana da nauyi a harshe, kamar kiran mugun abu. Ni kaina na rubuta tawa wasiyyar a filin jirgi kafin in taso, layi biyu, tana cikin fasfona har yanzu.

Na sami Inna a kan tabarmarta bayan azahar. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"An ƙone shi?"

"Ba a ƙone shi ba, Inna."

"Yana cikin ƙasa?"

Na gaya mata gaskiya: a ɗaki ne ƙarƙashin ƙasa, cikin ƙaramin akwati mai sunansa, tare da mutanen da ba addininmu ɗaya da su duka ba. 

"Wa ya tsaya a kansa da ake tonon?"

"'Yarsa."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Ta juya fuskarta wajen bango. Na zauna har na tabbata ta gama da ni, na tashi a hankali. Ina sa takalmi a bakin ƙofa na ji muryarta.

"Sani. Ita yarinyar, ranar da tata ta zo, wa zai gaya musu kada su ƙone ta?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ban ba ta amsa ba, kuma har yau da nake rubuta wannan ban samo ta ba.